Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitoci da masu wayar da kai kan lafiyar nono: samari ma suna da tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe likitoci, ma'aikatan jinya, da duk masu shirya gangamin faɗakarwa kan cututtukan nono. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da marasa lafiya dare da rana. Ni malamin makarantar sakandare ne, shekara 17 ke nan ina tare da yara masu tasowa. Na ɗauki alƙalami ne a madadin samarin da suka wayi gari suka ji ƙululu a ƙarƙashin kan nononsu, ko suka ga ƙirjinsu yana tasowa, suka rasa wanda za su tambaya. Ina kuma magana da yawun iyayensu, waɗanda sau da yawa su ne na ƙarshen sanin abin da ake ciki.

Ga abin da ya sa na kasa yin shiru. A watan Oktoban da ya wuce, watan da ake faɗakarwa kan ciwon dajin nono a faɗin duniya, wata tawagar ma'aikatan lafiya ta zo makarantarmu. Aka tara 'yan mata a ɗakin taro, aka koya musu yadda mace ke duba nononta, aka raba musu takardu masu hotuna. Aiki ne mai kyau, kuma na yaba. Samari kuwa aka ce su fita fili su jira, wai maganar ba tasu ba ce. Bayan an tashi ina tattara littattafai a ofis, sai ga wani ɗalibina ɗan shekara 14 ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba, bai kuma tafi ba. A hannunsa akwai ɗaya daga cikin takardun nan, a ƙasa ya tsince ta, har da shatin takalmi a jikinta. Ya sa yatsa a kan layin da ya ce duk ƙululun da aka ji a nono a garzaya asibiti, ya ce da ni murya ƙasa-ƙasa, "Malam, namiji ma yana mutuwa da shi?" Wata 5 ke nan yana ɗauke da wani abu kamar maɓallin riga a ƙarƙashin nononsa na hagu, mai zafi in riga ta goge shi. Bai gaya wa mahaifiyarsa ba, bai gaya wa mahaifinsa ba. Shi kaɗai ya zauna ya yanke wa kansa hukunci cewa ciwon daji ne ya kama shi.

Ku kun san sunan abin tun kafin in gama bayani: gainikomastiya, wato kumburin nonon namiji. Ba zan koya muku aikinku ba, amma tunda wasiƙar a buɗe take, iyaye da samari za su karanta, ku yi mini uzuri in faɗi abin da na so a ce ku ne kuka faɗa a ɗakin taron nan. Kowane namiji yana da ɗan tsokar nono a bayan kan nononsa, kuma jikinsa yana sarrafa sinadaran homon iri biyu, testostiron na maza mai yawa, da istrojin wanda aka fi sani da na mata, kaɗan. A farkon balaga ma'aunin kan ɗan karkata na wani lokaci, istrojin ya yi tasiri fiye da yadda testostiron zai iya danne shi, sai tsokar nan ta kumbura. Kimanin rabin samari suna fuskantar haka, musamman tsakanin shekara 13 da 14. Yana iya fitowa a ɓangare ɗaya ko duka biyu, ɗaya ya fi ɗaya girma. A wajen mafi yawansu yakan baje da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2, ba magani, ba tiyata. Hasali ma sau uku abin kan ziyarci namiji a rayuwa: yana jariri saboda sinadaran mahaifiyarsa da suka rage a jikinsa, lokacin balaga, sannan bayan ya haura shekara 50 lokacin da testostiron ke ja baya.

Koke na farko ke nan, kuma shi ya fi yi mini ciwo. Abin da ke samun rabin ajina, babu wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya ambace shi. Ana koya wa yara cewa murya za ta buɗe, gashi zai fito, kafaɗa za ta faɗaɗa. Nono kuwa an ajiye shi a babin 'yan mata. To yaron da ya ga nasa ya taso, me kuke so ya ɗauka? Ko dai ya ce mugun ciwo ne, ko ya ce shi ba cikakken namiji ba ne. Na ga abin da wannan shirun ke haifarwa da idona. Yaro mai son ƙwallo kamar ransa ya daina fita fili rana ɗaya, domin a wajen atisaye akan ce ɓangare ɗaya su tuɓe riga. Wani ya riƙa sa singileti biyu a ƙarƙashin rigar makaranta ana tsananin zafi. Wani ya koyi tafiya a ranƙwafe, kafaɗu a gaba, har ta zame masa jiki. A ɗakin kwanan ɗalibai akwai wanda yake tashi wanka tun kowa na barci don kada a gan shi. In kuwa aka gani, shi ke nan, an laƙaba masa sunan mace ko a kira shi mata-maza, wasu har su kai hannu su mintsine shi suna dariya. Makinsa ya faɗi, mu malamai mu rubuta a takardar sakamako cewa ba ya mai da hankali.

Abin bai tsaya a zuciya ba, yana kaiwa ga rauni a jiki. Yaron da ba shi da wanda zai tambaya yakan yi wa kansa magani. Ya matse wurin da ƙarfi da nufin ya fashe, ya danna masa abu mai zafi, ya ɗaure ƙirjinsa da bandeji ko salatif har numfashi ya yi masa wuya. Na taɓa raka wani ɗalibi ɗakin shan magani, da aka ɗaga rigarsa sai ga fatar ƙirjinsa ta saluɓe a layi-layi inda salatif ya kwana ya wuni, wani wurin har ya fara ruwa. Matsa ba ta rage tsokar nono, ƙuna da ƙurji da tabo kawai take bari. Wasu kuma su faɗa hannun masu talla a intanet, masu sayar da mai da ƙwayoyin da suke cewa suna narkar da nonon maza cikin mako biyu. Yaro ya tara ɗan abin da ake ba shi ya saya, ya haɗiyi abin da shi kansa mai sayarwar bai san me ke ciki ba. Inda kuka bar gurbi, waɗannan mutanen ne suka cike shi.

Koke na biyu ya shafi abin da ke faruwa in saurayi ya yi ta maza ya zo gabanku. Nan zan kawo labarin ƙanena. Nasa ya fara yana shekara 15, bai baje ba. Ya yi shekara guda yana ɓoyewa kafin ya gaya mini, na ɗauke shi muka je wani asibiti. Wanda ya gan mu bai ce ya ɗaga riga ba. Ya dube shi daga inda yake zaune, ya yi murmushi, ya ce ƙiba ce, ya rage ci ya riƙa gudu. Akwai wasu mutum biyu a ɗakin, ɗayansu ya yi dariya. Ƙanena siriri ne. Ya fito bai ce uffan ba, kuma sai da ya shekara 6 bai sake yarda an kai shi gaban wani likita kan wannan magana ba. Ya yi gudu, ya yi ɗaga ƙarfe, ƙirjin ya ƙara fitowa saboda tsokar ƙasa ta turo ta sama. Yana shekara 22 aka yi masa tiyata, likitan da ya yi aikin, Allah ya saka masa, shi ne ya fara zaunar da mu ya yi mana bayani.

A wajensa na fahimci abin da muka yi asara. Kitse daban, tsokar nono daban, kuma yatsu biyu sun isa su bambance su: in an kwantar da mutum aka tattaro wurin a hankali zuwa kan nono, tsokar nono takan ji kamar faifan roba mai ɗan tauri daidai ƙarƙashin kan nonon, kitse kuwa laushi ne bai da iyaka. Mai kitse rage ƙiba zai taimake shi. Mai tsokar nono kuwa ko ya kwana yana motsa jiki ba za ta narke ba. Na kuma fahimci cewa lokaci yana da muhimmanci. A watannin farko, lokacin da wurin ke zafi yana girma, wasu likitoci kan gwada magani irin tamoksifen ga wanda abin ya tsananta masa. In ya haura kamar shekara guda, tsokar takan rikiɗe ta yi tauri kamar tabo, daga nan magani ba ya cika yin tasiri, sai dai haƙuri ko tiyata. Ban ce lallai magani zai hana ƙanena shiga ɗakin tiyata ba. Abin da na sani shi ne, an hana shi bayani, an kuma sa shi ya ɗauka laifin cikinsa ne.

"Zai wuce" gaskiya ce a mafi yawan lokuta, amma gaskiya ce da ya kamata ta fito bayan an duba. Domin a cikin kowane taron samari masu kumburin balaga, akwai ɗan tsirarun da nonon nasu ƙararrawa ce ta wani abu daban. Ciwon dajin 'ya'yan maraina ya fi kama maza tsakanin shekara 15 da 35, kuma wasu nau'o'insa suna fitar da sinadarin da ke kumbura nono, har ya zama nonon ne alamar farko da mutum zai lura da ita. Wannan ciwo yana cikin waɗanda suka fi jin magani, inda ake samun kulawa fiye da 9 cikin 10 suna warkewa, musamman in an kama shi da wuri. Amma ta yaya za a kama shi in likita bai duba maraina ba, saurayi kuma kunya ba za ta bar shi ya ambata ba? Akwai larurar da likita Harry Klinefelter ya bayyana a 1942, inda ake haihuwar namiji da ƙarin ƙwayar halitta ta X. Tana samun kimanin namiji 1 cikin 500 zuwa 1,000, alamunta sun haɗa da tsayi, ƙananan 'ya'yan maraina masu tauri da girman nono, kuma da yawa ba sa sanin suna da ita sai sun yi aure haihuwa ta gagara. Akwai ciwon hanta, ciwon ƙoda, yawan aikin ƙwayar tayirod da ke wuya, da lalacewar maraina bayan hangum ko rauni. Har wanda ya daɗe cikin yunwa ko doguwar jinya yakan ga nononsa ya taso lokacin da ya fara murmurewa, kamar yadda aka gani a jikin fursunonin yaƙi da aka sako bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Duk wannan ba a gano shi da kallo daga kan kujera.

Koke na uku gajere ne amma yana da nauyi. Akwai magungunan da ku kanku kuke rubutawa waɗanda aka san suna iya kumbura nonon namiji: sipironolakton na hawan jini da ciwon zuciya, simetidin na gyambon ciki, ketokonazol, risperidon da ake ba masu larurar ƙwaƙwalwa, finasterid da samari ke sha don sanƙo, da efabirenz na cuta mai karya garkuwar jiki. Sau nawa ake gaya wa saurayi wannan a lokacin da ake miƙa masa takardar magani? In ba a gaya masa ba, ya ga ƙirjinsa na canzawa, abin da zai yi shi ne ya ajiye maganin a ɓoye. Saurayin da ya bar maganin ƙwaƙwalwa ko na garkuwar jiki saboda kunyar nono ya jefa rayuwarsa cikin haɗari, alhali sau da yawa akwai wani maganin da za a iya musanya masa da shi.

Sai kuma abin da samari ke ɗura wa kansu. A wuraren ɗaga ƙarfe ana yawo da allurai da ƙwayoyin sitiroyid na ƙara ƙwanji. Mai sayarwa ba zai gaya wa yaro cewa jiki yana juya rarar testostiron ya mai da shi istrojin ba, don haka wanda ya je neman ƙirjin ƙarfe sai ya dawo da nono, marainansa kuma su ƙanƙance. Yawan shan giya yana yin nasa ta hanyar hanta da maraina, kodin da tiramol da danginsu suna rage testostiron in an daɗe ana sha. Na yi imani wannan bayani ɗaya zai tsayar da samari da yawa fiye da dogon wa'azi, domin ya taɓa abin da suke tsoro kai tsaye. Amma daga bakinku ya kamata su ji shi, cikin sirri, ba tare da tsawa ba, in ba haka ba babu mai amsa muku cewa yana sha.

Game da ciwon dajin nono kansa, saƙon da ake bayarwa ya bar maza a tsakiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100 na masu wannan ciwo maza ne, kuma galibinsu dattawa ne da suka haura shekara 60. Ga ɗan shekara 14 abu ne mai matuƙar wuya. Rashin faɗin haka ya sa yaro yana kuka da dare kan ciwon da ba shi da shi, kakansa kuma yana zaune da ƙululu mai tauri shekara guda yana cewa ai ciwon mata ne.

Saboda haka ina roƙonku, da girmamawa, abubuwa kamar haka.

Duk lokacin da za ku shiga makaranta ko wani taron matasa, ku ware wa samari zamansu daban, ko na minti 15 ne, kuma namiji ya jagorance shi in da hali, domin su saki jiki. Ku gaya musu cewa abin ya zama ruwan dare, ba ya rage mazantaka, ba ya nufin mutum ba zai haihu ba, kuma yawanci yana tafiya da kansa. Ku ce kada a matsa, kada a ƙona, kada a ɗaure. Ku ba su hanyar rubuta tambaya a takarda ba suna, za ku sha mamakin yawan abin da zai fito daga kwalin.

A takardun da kuke bugawa ku ƙara shafi ɗaya na maza, da harshen da yaro da mahaifiyarsa za su gane, wanda zai bambance abin da za a sa wa ido da abin da ba ya jira. A rubuta ɓaro-ɓaro cewa a zo asibiti ba tare da ɓata lokaci ba in ƙululun yana da tauri kamar dutse, ko ba ya motsi, ko yana gefe nesa da kan nono. In kan nonon yana fitar da jini ko ruwa, ko ya shige ciki, ko fatar ta lotsa ko ta yi gyambo. In akwai kaluluwa a hammata. In yana girma da sauri. In ya fito wa yaron da bai fara balaga ba. In ya wuce shekara 2 bai ragu ba. Ko in an ji ƙululu, nauyi ko kumburi a maraina.

A ɗakin ganin likita kuma, ina roƙon a rufe ƙofa, a rage 'yan kallo, a nemi izinin yaro kafin a taɓa shi. A duba nono da hannu, a duba maraina, a tambayi magungunan da yake sha har da waɗanda ba likita ne ya rubuta ba. In komai ya nuna na balaga ne, a faɗa masa haka da kalmomi cikakku, a kuma ba shi ranar dawowa bayan wata 3 zuwa 6 don a sake aunawa. Ranar dawowar nan tana gaya wa yaro cewa an ɗauki maganarsa da muhimmanci. In akwai alamar tambaya, a tura shi gwajin jini da hoton sikanin tun da wuri. Ba na neman a yi wa kowane yaro tarin gwaje-gwajen da iyayensa ba za su iya biya ba, hannun likita da kunnensa sun wadatar ga mafi yawansu.

Ga wanda nasa ya ƙi bajewa bayan ya gama balaga, kada a sallame shi da cewa kwalliya ce kawai yake nema. Saurayin da ya daina shiga mutane, yake gudun maganar aure saboda ƙirjinsa, yana da larura ta gaske. A gaya masa cewa akwai tiyata, a bayyana masa amfaninta da haɗarinta, a nuna masa ƙwararren da ya dace, domin kada ya kai kansa wurin wanda zai yanka shi ba bisa ƙa'ida ba.

Mu ma malamai ku koya mana. Mu ne muke ganin yaron da ya fara ranƙwafawa, mu ne muke jin sunayen da ake laƙabawa. Zama ɗaya da ku zai sa mu san abin da za mu ce da abin da za mu hana, da kuma yadda za mu buɗe wa iyaye maganar ba tare da mun kunyata ɗansu ba.

Ɗalibin nan nawa, da yardarsa na kira mahaifinsa, muka kai shi wurin wata likita da ta duba shi a natse, ta zana masa hoton abin a bayan takarda, ta ce ya dawo bayan wata 4. Da muka fito ya tambaye ni ko gaskiya ne rabin ajinsu suna da shi. Na ce haka likita ta faɗa. Ya yi shiru, sannan ya lissafa mini mutum uku da yake zargin su ma suna ɓoyewa, ya ce ko zan yi musu magana. Na yi wa biyu, na ukun har yanzu yana kauce mini.

Oktoba za ta sake zagayowa. In kun tashi zuwa, akwai aji a kusa da ɗakin taron da ke zama babu kowa a wannan lokacin, yana ɗaukar ɗalibai 60, ni zan buɗe shi in tara muku samarin.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin sakandare, a madadin ɗalibansa maza da iyayensu